Kafin Ku Zargi Wakili, Ku Duba Takardar da Kuka Ba Shi

'Ya'yana masu haɗa manhaja, mazanku da matanku. Ina yaba ƙwazonku, Allah Ya ƙara basira. Abin da ɗayanku yake yi yau da kwamfuta ɗaya da 'yar datarsa, a zamanin da muka taso sai kamfani guda ya taru a kansa. Amma akwai wani sakaci da ya zama ruwan dare a ayyukanku, kuma yin shiru a kansa ba ƙauna ba ce. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Maganar a kan wakilan ƙirƙirarriyar basira ce, waɗannan da kuke ɗora wa aiki su yi da kansu: su karanta, su yanke shawara, su aika wa mutane saƙo ta WhatsApp ko Telegram ko Slack ko imel ko tes. Tun da OpenAI ta buɗe hanyar da manhajar hira za ta riƙa kiran wasu kayan aiki a watan Yunin 2023, Anthropic kuma ta fito da ƙa'idar MCP, wadda ke haɗa wakili da kayan aiki, a Nuwamban 2024, sauran manyan kamfanoni suka rungume ta a 2025, haɗa wakili da kafar aika saƙo ya koma aikin yini guda. Wannan sauƙin ne ya kawo sakacin. Sai in buɗe aikin ɗayanku in tarar ya kwana yana gyaran cikin manhajar, komai tsaf, amma a gurbin bayanin kayan aikin ya rubuta kalma uku da Turanci, ma'anarsu "yana aika saƙo". Shi ke nan. Ranar da abu ya lalace kuma sai a ce wakilin ne ba shi da kai, a nemo wani a canja shi.

Ku tsaya ku tuna abin da wakilin yake gani. Abu uku ake miƙa masa: sunan kayan aikin, da bayanin da kuka rubuta, da jerin guraben da zai cike. Ba ya leƙa cikin manhajarku. Bai halarci zaman da kuka yi da mai aikin ba, bai san abin da kuka tattauna a zaurenku ba, kuma ba shi da abokin aiki a kujerar gefe da zai taɓa ya tambaya. Halinsa halin baƙo ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ya sauka a gari yau, kuka miƙa masa wasiƙa kuka ce ya kai gidan Alhaji. Ba zai ƙi tafiya ba. Zai kama hanya, ya zaɓi gidan da ya fi kama da na Alhaji a idonsa, ya miƙa wasiƙar, ya dawo ya ce ya kai. Duk inda kuka bar giɓi a bayani, wakili zai cike shi da zato, kuma zai yi hakan cikin natsuwa, ba tare da ya nuna muku yana shakka ba. Mutum idan ya karanta takarda mara kyau yakan yi tsaki ya nemi wata. Wakili bin ta yake yi.

To da me ake auna takardar, wato bayanin kayan aikin? Ni dai ba na kallon kyan Turancinta. Tambayoyi nake mata irin waɗanda aikin aika saƙo yake tayarwa, in ga ko tana da amsa.

Ta farko ita ce, wa za a aika wa? Kukan sa gurbi ku kira shi "mai karɓa" ku wuce, alhali kowace kafa da yadda take gane mutum. Slack da lambar shaida take gane zaure da mutum. Telegram ma lamba take so, ta zaure da alamar ɗebewa a gabanta, kuma butumbutuminta ba ya iya fara magana da wanda bai taɓa yi masa magana ba. Masu aika tes da WhatsApp yawanci tsarin E.164 suke bi, wato lambar ƙasa a gaba. Lambar Najeriya mai alƙaluma 11 sai an cire sifilin farko an sa 234. Ta Nijar alƙaluma 8 ce, ba ta da sifilin da za a cire, 227 kawai za a ɗora mata. Wanda ke hidimar 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Maraɗi, ko Katsina da Damagaram, yana da iri biyun nan a kundi ɗaya. Layi biyu sun isa su fayyace wannan, da misali ɗaya na lambar da ta dace. Sannan idan aka ce wa wakili ya aika wa Aminu, ya tarar da Aminu uku a kundi, takardar ce za ta gaya masa ya tsaya ya tambaya. In ba ta faɗa ba, na farko a jeri zai ɗauka, kuma wataƙila maganar bashi ce ko sakamakon asibiti.

Wadda ta fi damuna ita ce ma'anar amsar da kayan aikin ke mayarwa. Kuna rubuta "an yi nasara" ku tura wa wakili, shi kuma ya juya ya gaya wa mai aiki cewa saƙo ya isa. Alhali karɓa daban, isarwa daban, karantawa daban. A kafar aika tes ta Twilio saƙo yakan fara da shiga layi, sannan a ce an tura shi ga kamfanin waya, sannan daga baya a ce ya isa ko bai isa ba. A kafar kasuwanci ta WhatsApp amsar farko lambar shaidar saƙon ce kawai, alamar an karɓa. Labarin ya tafi, ko ya isa, ko an karanta, ko ya faɗi, yana zuwa ne daga baya ta wata sanarwa daban, wadda sau da yawa ba ku ma haɗa wakilin da ita ba. Slack kuma tana da nata hali: takan mayar da lamba 200, wadda a al'adar intanet take nufin lafiya lau, amma a cikin amsar ta rubuta cewa aikin bai yiwu ba, misali don ba a sa manhajar a zauren ba. Wanda ya duba lambar bai duba cikin ba zai ba da shaidar zur bai sani ba. A ce asibiti ne ke tunatar da masu ciki ranar awo, ko makaranta ce ke sanar da iyaye an ɗage jarrabawa. Wakili ya ce ya sanar da kowa, shugaba ya kwanta da kwanciyar hankali, rabin mutanen kuwa ba su ga komai ba. Jumla ɗaya ce maganin wannan: a rubuta cewa wannan amsa tana nufin an karɓa ne kawai, kada ka ce ya isa sai ka duba da kayan aiki kaza. Ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi ƙyashin rubuta ta ba.

Daga nan sai maganar maimaitawa, kuma wannan ta shafe mu sosai saboda yadda intanet ke yankewa a wurarenmu. Wakili ya tura saƙo, layi ya yanke kafin amsa ta dawo. Ya tafi ne ko bai tafi ba? Ba wanda ya sani a wannan lokacin. Ɗabi'ar wakilan nan kuwa naci ce, in abu bai ba su amsa ba sai su sake. Idan karanta saƙonni ne, ya sake sau goma ba komai. Idan aikawa ce, mutum ɗaya zai sami tunin bashi sau uku cikin minti guda, ya ɗauka cin mutunci ne. Masu harkar kuɗi sun daɗe da magance wannan. Stripe, alal misali, tana ba mai kira damar liƙa wa kowace buƙata wata lamba ta musamman, in buƙatar ta sake zuwa da lambar nan sai a mayar da amsar farko ba tare da an sake cire kuɗi ba. In kun gina irin wannan a kayan aikinku, ku rubuta, ku nuna yadda ake amfani da shi. In ba ku gina ba, ku rubuta ƙarara cewa sake kira yana sake aikawa, don haka a duba tarihin hirar tukuna. Takardar da ta yi shiru a kan wannan, ni a wurina ta faɗi, ko da sauran duk sun yi kyau.

Yanzu bari in daɗe kaɗan a kan abin da ya shafi harshenmu, don na lura ko waɗanda suka ƙware a cikinku ba kowa ya san shi ba. Saƙon tes guda yana da mazubi ƙayyadadde. Idan duk haruffan da ke ciki suna cikin jerin da ake kira GSM-7, mazubin yana ɗaukar harafi 160. Wannan jeri an tsara shi ne da harsunan Turai a zuciya, kuma babu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a cikinsa. Da zarar harafi ɗaya tak da ba ya cikin jerin ya shiga, sai saƙon gaba ɗayansa ya koma wani tsarin rubutu, inda mazubin ke ɗaukar harafi 70 kawai. In saƙon ya wuce mazubi ɗaya aka yanka shi gida-gida, kowane yanki yana ɗaukar 153 a tsarin farko, 67 a na biyu, domin ana cin wani ɓangare wajen rubuta yadda za a sake haɗa su. Ku lissafa da kanku. Saƙo mai harafi 150 ba lanƙwasa, yanki ɗaya ne. Shi ɗin dai, aka sa masa ƙ ɗaya, ya zama yanki uku, kuma kamfanonin aika tes a kan yanki suke caji. Mai aika wa mutum dubu goma zai biya kuɗin dubu talatin. Ba haruffa masu lanƙwasa kaɗai ba: alamar ɗauri da muke sa wa 'ya'ya da 'yan'uwa da jama'a, idan miƙaƙƙiya ce tana cikin jerin, idan mai lanƙwasa ce irin wadda manhajojin rubutu ke sakawa da kansu ba ta ciki. Wakilan nan kuma suna son ƙawata rubutu da irin waɗannan alamomi da 'yan hotunan murmushi.

Ban ce ku hana wakili rubuta Hausa daidai ba, Allah Ya kiyaye. Akwai wuraren da cire lanƙwasa ke canja ma'ana, kuma saƙon makaranta ko na hukuma ya kamata ya fita da ƙa'idar rubutu. Abin da nake cewa shi ne zaɓi ne mai tsada, mai aikin ne ya kamata ya yi shi da saninsa, kuma takardar ce za ta gaya wa wakili wanne aka zaɓa. Ko dai a ce masa ya rubuta da lanƙwasa amma ya tsaya a harafi 70, ko a ce ya bar ta a irin saƙo kaza, ko kuma kayan aikin su riƙa mayar masa da adadin yankuna kafin a aika. Takardun da kuke kwafowa daga waje ba za su yi muku wannan tunanin ba, domin masu rubuta su ba da Hausa suke aika saƙo ba. Ku ne kuka san wa zai karanta.

Haka dokokin kowace kafa. WhatsApp na kasuwanci yana da taga ta awa 24: in mutum ya yi maka magana, kana da awa 24 ka amsa masa da duk abin da kake so. In ta rufe, sai dai ka yi amfani da tsararren saƙo wanda Meta, mai WhatsApp, ta riga ta amince da shi, kuma an kasa waɗannan gida uku, na talla da na hidima da na tabbatar da shaida, kowanne da farashinsa. Wakilin da ba a gaya wa wannan ba zai rubuta saƙo mai daɗi ga wanda ya yi shiru tun shekaranjiya, saƙon ya faɗi da lambar kuskure 131047, shi kuwa bai san abin da ya faru ba. A Najeriya kuma tun 2016 hukumar sadarwa ta NCC ta ba jama'a lamba 2442 don su rufe layinsu daga saƙonnin talla, saboda haka tes ɗin da aka bi da shi ta hanyar talla ba zai shiga irin waɗannan layuka ba. Slack tana so a tsaya a kusan saƙo ɗaya cikin daƙiƙa a kowane zaure, in an wuce ta mayar da 429 tare da adadin daƙiƙun da za a jira. Telegram ba ta ɗaukar saƙon da ya wuce harafi 4096, kuma ba ta son butumbutumi ya wuce saƙo 20 cikin minti a zaure ɗaya. Duk waɗannan suna rubuce a takardun kamfanonin, masu tsawo, waɗanda aka yi don mutum. Aikinku shi ne ku tsamo abin da wakili ke buƙata a lokacin yanke shawara ku ajiye masa a gabansa.

Ƙananan abubuwa ma suna da cizo. Tauraro biyu ne ke kaurara rubutu a tsarin da wakilai suka saba da shi, a Slack da WhatsApp kuwa ɗaya ne, shi ya sa kuke ganin saƙonni suna isa da taurari warwatse. Wani salon ado na Telegram yakan ƙi saƙo ɗungurungum saboda aya ɗaya da ba a yi mata kariya ba. In akwai gurbin lokaci, ku faɗi na ina ne: ƙarfe takwas a Kano ƙarfe bakwai ne a Kumasi, tara a Khartum.

Sai abin da ya raba kayan aika saƙo da sauran kayan aiki, wato rashin dawowa. Tes in ya fita ya fita. Imel ma haka, abin da Gmail ke kira janyewa jinkiri ne kawai na daƙiƙa 30 ko ƙasa da haka kafin a saki saƙon. Telegram tana barin butumbutumi ya goge abin da ya aika cikin awa 48, amma gogewa ba ta fitar da magana daga idon wanda ya riga ya karanta. Ranar 13 ga Janairun 2018 an aika wa wayoyin mutanen Hawai a Amurka gargaɗin ƙarya cewa makami mai linzami na tafe, kuma sai da aka yi minti 38 kafin saƙon gyara ya fita ta wannan hanya, domin an tanadi hanyar aikawa ba a tanadi ta warwarewa ba. Mutane ne suka yi wannan, ba wakili ba, amma darasin ya hau kanku daidai. Ƙa'idar MCP, a gyaran da aka yi mata a Maris ɗin 2025, ta kawo 'yan alamomi da za a liƙa wa kayan aiki: karatu kawai suke yi, ko suna iya ɓarna, ko maimaita su ba ya ƙara komai, ko suna taɓa duniyar waje. Da yawanku kuna barin su fayau. Ku cike su, sannan ku maimaita da kalmomi a cikin bayanin cewa wannan ba ya janyuwa. In da hali ku raba aikin biyu, ɗaya ya tsara saƙo ya ajiye, ɗaya ya aika, ku rubuta irin saƙon da sai mutum ya gani ya yarda kafin ya fita: na kuɗi, na rasuwa, na sallama daga aiki, da duk wanda zai faɗa zauren da ke da ɗaruruwan mutane. Takarda mai kyau tana faɗin lokacin da bai kamata a taɓa kayan aikin ba, kuma wannan ne ɓangaren da na fi rasawa a naku.

Saƙon kuskure shi ma cikin takarda yake, ko da yake ba a nan kuke rubuta shi ba. Shi ne abin da wakili ke karantawa a daidai lokacin da ya fi buƙatar jagora. "An samu matsala" ba ta koya masa komai, sai dai ta sa ya sake gwada abin da ya gwada. Ku ce masa lambar ba ta da lambar ƙasa, ga yadda ake so. Ku ce masa taga ta rufe, ga sunan kayan aikin tsararrun saƙonni. Ku ce masa wannan mutum ya nemi a daina aika masa, kada a sake. Wakilan yanzu suna gyara kansu da kyau in an gaya musu abin da za su gyara.

Akwai ɗaya gefen, kuma ina so ku buɗe kunne. Tunda wakili yana bin takarda, to wanda ya rubuta takardar yana da iko a kansa. A Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs suka nuna yadda za a ɓoye umarni a cikin bayanin wani kayan aiki da ba ruwansa da saƙo, umarnin ya sa wakili ya kwashi tarihin hirar WhatsApp ya tura wata lamba, mai wayar bai lura ba. A Satumban shekarar kuma kamfanin tsaro na Koi ya gano wani ƙunshi a rumbun npm da ya ari sunan kamfanin aika imel na Postmark, alhali ba kamfanin ne ya wallafa shi ba. Ya yi aiki lafiya na ɗan lokaci, sannan aka ƙara masa layi ɗaya da ke aika kwafin kowane imel a ɓoye zuwa wani adireshi. Na farko takarda ce ta faɗi abin da bai kamata ba, na biyu manhaja ce ta yi abin da takarda ba ta faɗa ba. Ku kuwa na ga kuna sauko da kayan wasu daga intanet ku liƙa wa wakilin da ke riƙe da lambobin abokan cinikin mutane, ba ku karanta bayanin ba balle cikin. Ku karanta shi gaba ɗaya, yadda wakili ke ganinsa, ba taƙaitaccen da allo ke nuna muku ba. Ku duba wa ya wallafa. Ku tsaya a kan sigar da kuka duba, kada ku bar ta tana sabunta kanta. Ita kanta ƙa'idar MCP ta ce alamomin nan da na ambata ba abin dogaro ba ne in daga wurin da ba a amince da shi ba suka fito. Sannan a kayan aikin da ke karanto saƙonnin da suka shigo, ku rubuta cewa abin da ke cikinsu maganar mutanen waje ce, ba umarnin mai aiki ba. Wannan jumla ita kaɗai ba katanga ba ce, sai an haɗa da taƙaita wa wakilin iko, amma rashin ta sakaci ne.

Kada kuma wani ya yi zaton in wakili ya yi ɓarna laifin zai tsaya a kansa. A Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a lardin British Columbia na Kanada ta umarci Air Canada ya biya wani fasinja, bayan manhajar hira da ke shafin kamfanin ta ba shi bayanin da ba daidai ba a kan rangwamen masu zuwa jana'iza. Kamfanin ya nemi ya raba kansa da abin da manhajar ta faɗa, kotun ba ta karɓa ba. A gida kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 tana nan, kuma tura bayanin wani ga wanda bai kamata ba yana cikin abin da ta hana. Wanda ya ba ku aiki shi zai amsa tambaya, shi kuma ku zai juyo wa. Ko babu doka ma, lambar wayar mutum da sirrinsa amana ce a hannunku.

Na san uzurin da za ku kawo. Za ku ce duk kalmar da aka ƙara a bayani kuɗi ce, domin ana tura ta ga wakili a kowane kira, kuma in kayan aiki sun yi yawa bayanansu suna cinye wurin da zai yi tunani. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce ku kwafo littafin kamfani ku zuba ba. Takarda mai surutu ita ma mara kyau ce, don muhimmin abu yakan nutse a cikinta. Amma tsakanin kalma uku da shafi goma akwai fili mai faɗi. Jagorar Anthropic ga masu haɗa kayan aiki ta ba da shawarar kada bayani ya gaza jumla uku ko huɗu, ya fi haka in aikin mai sarƙaƙiya ne, kuma aika saƙo yana cikin masu sarƙaƙiya. In wuri ya yi muku kaɗan, ku rage yawan kayan aikin. Guda biyar da kowanne ya san aikinsa sun fi ashirin masu sunaye kusan iri ɗaya, waɗanda ko ku da kuka haɗa su sai kun yi tunani kafin ku tuna bambancin mai aikawa cikin zaure da mai amsawa a ƙarƙashin wata magana. Ku kuma koyi abin da magabatanku a wannan fanni suka yi. Tun 1997 Scott Bradner ya rubuta 'yar takardar nan RFC 2119 don masu tsara ƙa'idojin intanet su bambance abin da yake dole da abin da ake so da abin da aka bari ga zaɓi. Ku bambance su haka a naku rubutun, kada komai ya fito da murya ɗaya.

Awon kansa ba shi da wuya, kuma ba ya buƙatar ku sayi komai. Ku cire bayanin da guraben kawai, ku miƙa wa abokin aikin da bai taɓa ganin manhajar ba, ku ce ya rubuta a takarda yadda zai aika wa wata mata a Yamai saƙo gobe da safe. Duk tambayar da ya ɗago kai ya yi muku, giɓi ce, ku rubuta amsarta a ciki. Bayan haka ku gwada da wakilin kansa, a kan lambobin gwaji, da ayyuka irin na gaske masu ƙaya: suna biyu iri ɗaya, lamba mai sifili a gaba, mutumin da tagarsa ta rufe, saƙo mai lanƙwasa da ya wuce 70, layin da kuka yanke da gangan a tsakiyar aikawa, da buƙatar da amsarta daidai ita ce kada a aika komai. Kowane aiki ku maimaita shi sau da dama, domin wakili ba ya amsa iri ɗaya kullum, kuma dacewa sau ɗaya ba shaida ba ce. Sannan ku zauna ku karanta kundin abin da ya gudana layi-layi, wanne ya kira, me ya cike, me aka mayar masa, me ya gaya wa mai aiki. Kada ku tsaya a kan rahoton da ya ba ku da bakinsa. Inda ya kauce, ku gyara jumla ɗaya ku sake gwadawa, don ku san wace jumla ce ta yi aikin. Ku gwada da wakilin wani kamfani ma, saboda takardar da wakili ɗaya kaɗai ke fahimta sa'a ce ta taimake ta.

Ku ajiye waɗannan gwaje-gwaje, za ku sake buƙatarsu. Kamfanonin nan suna canja dokoki, WhatsApp ma ya sauya tsarin cajinsa zuwa kan kowane saƙo a Yulin 2025. Duk ranar da kuka taɓa manhaja ku taɓa bayaninta a zama ɗaya, wanda ke duba aikin kuma kada ya sa hannu sai ya ga biyun sun yi daidai. Ku shugabannin ƙungiyoyi, ku daina barin rubuta bayani ga ƙaramin da ya zo jiya, a daren da za a miƙa aiki. Wanda ya fi kowa sanin inda kayan ke cizo shi ya kamata ya rubuta.

Ina roƙonku, a cikin makon nan kowa ya buɗe kayan aika saƙon da ya riga ya saki, ya karanta bayanin da ya rubuta musu, ya gyara kafin ya ƙara wani sabon abu. Wanda ya riga ya miƙa wa mai aiki, ya kira shi ya ce akwai gyara, ba abin kunya ba ne. Allah Ya yi muku albarka, Ya sa abin da kuke ginawa ya amfani jama'a.